Tambaya kan harsasan bindigogin hannu: ƙarfi ne abin dubawa ko zurfin shiga?

Abdulhadi

Assalamu alaikum. Ina da tambaya ga waɗanda suka san sha'anin bindigogin hannu, ko ta hanyar aiki ko ta hanyar karatu. Duk lokacin da aka tayar da maganar harsashin da ya fi dacewa da kare kai, sai mutane su kasu gida uku kan nau'o'in harsashi, waɗanda ake kira da ma'aunin kaurinsu a milimita ko inci: wasu suna tare da 9mm, wasu sun rantse babu kamar .45 ACP saboda kaurinsa da nauyinsa, wasu kuma suna ganin .357 Magnum ya fi su duka. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne alƙaluman da kamfanoni suke bugawa. Harsashin 9mm mai nauyin giram 8 yana fita da gudun kimanin mita 350 a daƙiƙa ɗaya, shi kuwa .45 ACP mai nauyin kusan giram 15 yana fita da gudun kimanin mita 255, amma idan aka yi lissafi ƙarfin kowannensu yana wajen jul 490 ne (jul shi ne ma'aunin ƙarfin motsi), alhali .357 Magnum mai giram 8 yana kai kusan jul 780. To idan 9mm da .45 ƙarfinsu ɗaya a takarda, a kan me ake gardama? Shin wannan adadin ne ma'auni, ko kuwa zurfin da harsashi yake shiga? Sannan ina matsayin ƙananan irin .380 ACP da .38 Special? Na gode.

Malam Isyaku

Wa alaikumus salam, Malam Abdulhadi. Tambayarka ta biyu ita ce gaɓar maganar, kuma FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, ta sha wuya kafin ta samu amsarta. A ranar 11 ga Afrilun 1986 jami'anta takwas suka yi artabu da 'yan fashin banki biyu a yankin Miami, aka kashe jami'ai biyu, aka raunata biyar, su ma 'yan fashin suka mutu a wurin. Tun farkon musayar wutar aka sami ɗaya daga cikin 'yan fashin da harsashin 9mm mai nauyin giram 7.5, irin mai rami a baki wanda yake buɗewa idan ya shiga jiki. Harsashin ya shiga ta damtsensa na dama, ya wuce cikin ƙirji ta gefe, ya ratsa huhu, sannan ya tsaya saura kimanin inci ɗaya ya kai zuciya. Raunin ba na tashi ba ne, amma bai hana mutumin ci gaba da harbi da doguwar bindigarsa ba, kuma bayan wannan harbin ne ya kashe jami'an biyu. Harsashin ya yi abin da aka ƙera shi ya yi, wato ya buɗe da wuri, kuma buɗewar ce ta cinye masa tafiya.

Daga nan hukumar ta fitar da tsarin gwaji wanda har yau kamfanonin harsashi suke bi. Ana harba harsashi cikin sanyayyen dunƙulen jelatin (wani abu mai daskarewa ya yi danƙo), wanda kashi 10 cikin 100 jelatin ne sauran kuma ruwa, domin taurinsa ya yi kusa da na tsokar jiki, sannan a auna inda ya tsaya. Abin da ake nema shi ne ya shiga tsakanin inci 12 da 18, wato santimita 30 zuwa 46. Bayan jelatin tsurarsa, ana sake harbawa ta cikin tufafi masu kauri, da farantin ƙarfe irin na jikin mota, da allon bangon ɗaki, da falankin katako, da gilashin gaban mota. Mutum zai iya cewa ai ƙirjin yawancin mutane bai kai inci 12 daga gaba zuwa baya ba, me ya sa ake neman wannan zurfin? Dalili shi ne jelatin ba shi da fata ba shi da ƙashi, kuma mahari ba ya tsayawa ƙiƙam ya fuskance ka hannuwansa a sake. Yakan juya, yakan ɗaga hannu, harsashi ya biyo ta hannun kafin ya isa ƙirji, kamar yadda ya faru a Miami.

Bayan artabun Miami, hukumar ta fara komawa harsashin 10mm Auto, amma aka ga bugun da cikakken ƙarfinsa yake yi wa hannu ya yi yawa, sai aka rage masa albarushi. Kamfanonin Smith & Wesson da Winchester suka lura cewa ragaggen ba ya buƙatar dogon kwanso, suka gajarta shi, suka fito da .40 S&W a 1990, wanda ya mamaye rundunonin 'yan sandan Amurka shekara da shekaru. A 2014 sashen horar da jami'ai na hukumar ya ba da shawarar komawa 9mm, kuma a 2016 aka ba kamfanin ƙera bindigogi na Glock kwangilar sababbin bindigogin. Hujjarsu ita ce harsasan 9mm na zamani suna cin wancan gwajin kamar yadda .40 da .45 suke ci, kuma jami'ai sun fi samun saiti da sauri da shi saboda sauƙin bugunsa. Ga kuma yawan harsashi: Glock 17 tana ɗaukar 17 na 9mm, Glock 22 tana ɗaukar 15 na .40, Glock 21 kuwa 13 na .45. A ganina, da zarar harsashi ya cika sharaɗin zurfin nan, bambancin da ya rage tsakanin ukun ƙarami ne ƙwarai idan aka kwatanta da bambancin da ke tsakanin wanda ya iya saiti da wanda bai iya ba.

Malama Bilkisu

Ina so in ƙara bayani kan batun jul, domin a nan ne alƙaluma suke ruɗa mutane. Ana samun adadin ne ta hanyar ninka rabin nauyin harsashi da gudunsa, sannan a sake ninkawa da gudun, saboda haka lissafin yana fifita gudu a kan nauyi. Ana iya ƙera harsashi mara nauyi mai tsananin gudu wanda zai nuna babban adadi a jikin kwali, amma ya tarwatse a inci 6 na farko ba tare da ya kai ko'ina ba.

Harsashi yana barin rami iri biyu. Akwai ramin da ya huda da jikinsa, wanda yake zama, akwai kuma miƙewar da nama yake yi na ɗan ƙiftawar ido sannan ya koma yadda yake. A hotunan jelatin da ake ɗauka da kyamara mai sauri, wannan kumburin na biyu ne yake ba mutane tsoro, amma Martin Fackler, likitan tiyata na sojan Amurka wanda ya yi fice a binciken raunin harsashi, ya nuna cewa a gudun bindigogin hannu tsoka da huhu da jijiyoyin jini yawanci suna miƙewa su dawo ba tare da sun yage ba. Hanta da makamantanta marasa miƙewa su ne suka fita daban. Doguwar bindiga mai harsashin 5.56, wanda yake fita da gudun sama da mita 900 a daƙiƙa da ƙarfin kimanin jul 1,700, ita ce take shiga wani mataki na dabam. A gaban wannan, duk bindigogin hannu masu rauni ne, tun daga .380 har .45.

Maganar cewa .45 yana kayar da mutum da ƙarfin bugunsa kuwa ba ta tsaya a kimiyyance. Turin da harsashi yake kai wa wanda aka harba ba zai wuce wanda bindigar ta yi wa hannun mai harbin ba, saboda haka da zai iya jefar da wancan, da ya jefar da wannan. Abubuwa uku ne suke tsayar da mahari: a sami ƙwaƙwalwa ko saman lakar gadon baya, wanda shi kaɗai ne yake aiki nan take, ko jini ya zuba har hawansa ya faɗi, wanda yake ɗaukar lokaci, domin ko zuciya aka lalata akwai iskar da za ta riƙe ƙwaƙwalwa daƙiƙa 10 zuwa 15, ko kuma mutumin ya karaya ya daina da kansa, wanda ba a iya dogara da shi. Kaurin 9mm kimanin milimita 9 ne, na .45 kuwa 11.4. Wannan tazarar ta milimita 2.4 za ta iya sa a shafi wata jijiya da siririn zai kuskure, amma ba za ta gyara harbin da ya sauka inci huɗu nesa da inda ake nufi ba.

Alhaji Garba

Malam Isyaku da Malama Bilkisu sun yi bayani mai gamsarwa, sai dai ban yarda a bar maganar kamar duk ɗaya ba ne, domin hukuncin da FBI ta yanke ya rataya ne a kan wani sharaɗi, wato samun harsashi mai ramin baki na zamani mai inganci. Idan ya yi aiki, bakinsa yana tsagewa ya buɗe kamar fure, kaurinsa ya ƙaru da kamar rabin na asali ko fiye. Amma ramin yakan toshe da zaren tufafi ya ƙi buɗewa, kuma ba kowa ne yake da damar samunsa ba. Yarjejeniyar Hague ta 1899 ta hana amfani da harsashi mai buɗewa a yaƙi, shi ya sa yawancin rundunonin soji suke amfani da wanda aka lulluɓe dalmarsa da jan ƙarfe, kuma dokokin ƙasashe sun bambanta a kan abin da farar hula zai iya riƙewa, tun daga bindigar kanta har irin harsashin. Idan mai lulluɓin ne kaɗai a hannu, 9mm da .45 dukansu suna wuce inci 18 nesa ba kusa ba, sai ya zamana faɗin ramin ne kaɗai ya bambanta su, kuma a nan .45 ne a gaba.

Tarihinsa ma daga irin wannan yanayin ya fito. Sojojin Amurka sun koka da libarba (bindigar hannu mai gangar harsashi da take juyawa) mai .38 Long Colt a yaƙin da suka yi da mayaƙan Moro a Filifin, aka sa hafsoshin soji biyu, Thompson da LaGarde, suka yi gwaji a 1904 a kan shanu da gawarwaki, aka ba da shawarar kada kauri ya gaza .45. Gwajin ba zai karɓu a ma'aunin yau ba, amma a zamanin da harsashi ba ya buɗewa shawarar tana da ma'ana. John Browning ya ƙera .45 ACP, sojojin Amurka suka karɓi bindigarsa a 1911, ta yi aiki har 1985 da bindigar Beretta mai 9mm ta maye gurbinta.

Game da .357 Magnum, wanda ya fito a 1935, ƙarfinsa na gaske ne, amma adadin da Malam Abdulhadi ya kawo na bututu mai tsawon inci 4 ne ko fiye. A gajeren bututu mai inci 2 wani kaso na albarushin yana ƙonewa ne a waje, gudu ya ragu, a bar mai harbi da ƙara da walƙiya da bugun hannu. Amfaninsa shi ne libarbar .357 tana cin .38 Special, tun da kaurinsu ɗaya ne, amma ta .38 ba ta cin .357 domin an tsawaita kwansonsa da kimanin milimita 3 da gangan. Idan kuma kare kai daga manyan dabbobi ake magana, lissafin yana sauyawa gaba ɗaya, domin a nan ana neman harsashi mai nauyi mara buɗewa wanda zai ratsa fata mai kauri da ƙashi, kuma .357 da 10mm da .44 Magnum sun fi 9mm da gaske.

Abdulhadi

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Saura batun .380 ACP da .38 Special. Sannan tun da an sa iyakar inci 18, shin wannan yana nufin harsashin da ya tsaya cikin iyakar ba zai ratsa bango ya sami wani a ɗakin da ke gaba ba?

Malam Isyaku

Amin. Shi .380 ACP, wanda Browning ya fitar a 1908, kaurinsa ɗaya da 9mm, sai dai kwansonsa milimita 17 ne maimakon 19, harsashinsa kimanin giram 6, ƙarfinsa kuma wajen jul 260. Matsalarsa ita ce ba shi da isasshen ƙarfin da zai yi abu biyu lokaci ɗaya: idan ya buɗe sosai yakan tsaya kafin inci 12, idan kuma ya ƙi buɗewa yakan kai zurfin amma da siririn rami. Masu riƙe shi da yawa suna zaɓar zurfin, kuma ina ganin sun fi gaskiya. Shi ma .38 Special a gajeriyar libarba yana bakin wannan iyakar. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne ƙananan bindigogin da ake ƙerawa domin waɗannan harsasan sun fi manya wuyar harbi, saboda ba su da nauyin da zai shanye bugu, mariƙinsu gajere ne, kuma tazarar da ke tsakanin saitin gaba da na baya kaɗan ce.

Tambayar bangon kuwa, amsarta a'a ce. Iyakar inci 18 ta shafi harsashin da ya sami jiki ne. Wanda ya kuskure, in dai yana da ƙarfin shiga inci 12 a jelatin, zai ratsa allunan bangon ciki da dama, ko .380 ne ko .45, kuma mai ramin baki ma yakan cika da garin allon ya toshe, ya ci gaba da tafiya kamar mai lulluɓi. Bangon kankare ko na bulo cikakke yana tare yawancin harsasan bindigar hannu, amma idan harsashin ya same shi a karkace yakan zame ya bi gefen bangon da sauran ƙarfinsa.