Famfon tagulla da muka tsinta a akwatin Kaka

Jikan Mai Kwalekwale, Bur Sudan:

Assalamu alaikum. Muna kwashe kayan ɗakin marigayi kakanmu sai ga wani abu mai kama da famfon keke, na tagulla, tsawonsa bai kai kamu ɗaya ba, an buga Pyrene a jikinsa. In ka girgiza shi sai ka ji ruwa na motsi a ciki. Inna ta ce daga fanar ɗin Sanganeb, wato hasumiyar fitilar jiragen ruwa da ke tsakiyar teku, ya zo da shi, zamanin da yake kai wa masu gadin hasumiyar ruwan sha da abinci. Ta ce na kashe gobara ne. Zan iya rataye shi a madafa? Kuma me hasumiyar da teku ya kewaye za ta yi da abin kashe wuta?

Tsohon Makaniki, Kassala:

Wa alaikumus salam. Ɗana, don Allah kada ka ja hannun famfon nan, ko da gwaji ne. Ruwan da ke ciki kabon tetrakulorayid ne. Tun wajen 1910 kamfanin Pyrene na Amurka ya fara sayar da shi, ya kuma samu karɓuwa saboda yana kashe wutar mai da ta lantarki. Amma da zarar ya sauka a kan ƙarfe mai zafi sai ya fitar da fosjin, gubar nan da aka yi amfani da ita a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ko babu wuta, shaƙar tururinsa na lalata hanta da ƙoda, shi ya sa aka daina aiki da shi. Ka fitar da shi waje cikin inuwa, inda yara ba za su kai hannu ba, sannan ka nemi jami'an Difa'ul Madani, wato 'yan kwana-kwana, su juye shi. Kwankon kuwa ka goge ka ajiye, kayan kakanka ne.

Malamin Tarihi, Wad Madani:

Allah Ya saka wa Baba da alheri. Ni tambaya ta biyu zan taɓa. A 1755 hasumiyar Eddystone ta Ingila, wadda aka gina da katako ake kunna mata kyandir, ta kama wuta daga can ƙololuwa. Mai gadinta Henry Hall, dattijo ɗan shekara 94, ya tsaya yana watsa ruwa sama da bokiti, sai narkakkiyar dalmar rufin ta zubo masa har cikin maƙogwaro. Bayan rasuwarsa likita ya ciro curin dalma kusan giram 200 daga cikinsa. Teku na ƙasan ƙafarsa, amma wa zai hau da shi har sama kafin wuta ta gama aikinta?

Zuwan kananzir ya ƙara haɗarin. Doguwar hasumiya tana zuƙar iska daga ƙasa ta hura wutar sama, ga matakala ɗaya tal. Ruwa kuma baza kananzir yake yi, ba ya kashe shi. Dalilin da ya sa a Amurka aka riƙa gina wa mai ɗakinsa daban, nesa da hasumiya.

Tukunyar kashe gobarar da François Carlier ya ƙirƙiro a Faransa a 1866 ma ba ta warware wannan ba. Ruwan soda ne da asid, in suka haɗu sai iskar da suka haifar ta tunkuɗo ruwan waje da ƙarfi, amma dai ruwa ne. Sai a 1904 Aleksandr Loran na Rasha ya fito da mai kumfa, wadda ke lulluɓe man ta toshe masa iska. Ina jin tausayin mutanen nan ƙwarai. Wanda ke tsakiyar teku da dare, gaɓa ta yi masa nisa, duk abin da aka miƙa masa zai karɓa, ko da zai shaƙi guba a ɗan ƙuntataccen ɗakin fitila.

Hajiya, Jidda:

Allah Ya jiƙan kakanku. Baba na Kassala, a wani kantin tsofaffin kaya na ga ƙwallon gilashi ja mai ruwa a ciki, mai shagon ya ce jefa shi ake yi cikin wuta. Shi ma gubar ce?

Tsohon Makaniki, Kassala:

Hajiya, na farko-farkon yawanci ruwan gishiri ne a ciki, na baya kuwa wannan ruwan ne dai na famfon. Da ido ba za ki iya rarrabe su ba, gilashin kuma siriri ne, don ya fashe aka yi shi. Kada ki shigo da shi gida.