Wai mai barcin rana rago ne? Muhawarar da ta kaure a zauren ƴan Tawa

Telan Bilbis: Salamu alaikum jama'a. Yau raina a ɓace yake, kuma sai na faɗa. Yara uku ke koyon ɗinki wurina. Na buɗe shago tun ƙarfe 7, na share, na sa wa kekuna mai, na yanka shadda biyu, amma na farkonsu bai leƙo ba sai da 10 ta gota, idanu jajir. Ina kuka kwana? Fada. Shayi har ƙarfe 2 na dare. Ana sallame azahar kuma ɗayansu ya miƙe bisa benci, ya ja ragowar atamfa ya rufe fuska, ga mai ɗinki tsaye da ledarta a hannu. Ni tun ina yaro wurin maigidana, in na yi asuba ba na koma wa shimfiɗa. Kafin in kwanta sai na rubuta aikin gobe cikin kaye, rigar wane, zanen wance, wanda na gama in ja masa layi. Salula kuwa cikin aljihun tebur take sai lokacin cin abinci. Da wannan na kafa shago, da shi na yi aure. Ku gaya wa ƙannenku, wanda ya raba dare a fada ya sayar da safiyarsa, kuma mai barcin rana rago ne.

Mushen Lakwal: Rago? Maigida ka janye wannan kalma. Ina tsaye gaban allo tun 8 da yara sun fi saba'in cikin aji ɗaya. In na kishingiɗa bayan azahar ni ne ragon?

Telan Bilbis: Mushe ban ambaci sunanka ba.

Mushen Lakwal: Ka ce mai barcin rana. Ba ka ware kowa ba.

Malam Na Bakin Kasuwa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa a yi hattara da harshe. Abin da kake kira ragwanci sunansa ƙailula, kuma magabata sun yi ta. Duba Suratun Nur aya ta 58, inda Allah ya ambaci lokuta uku da yara za su nemi izini kafin su shiga wa manya: kafin sallar asuba, da lokacin da kuke tuɓe tufafinku saboda zafin rana, da bayan sallar isha'i. Ka ga hutun tsakar rana sananne ne har cikin Alkur'ani. A Bukhari kuma Sahlu ɗan Sa'adu ya ce ranar Juma'a ba sa yin ƙailula ko cin abincin rana sai bayan an sauko. Sahabbai ne fa. Wa zai buɗe baki ya kira su da wannan suna?

Telan Bilbis: Allah gafarta Malam, kada a ja ni inda ban je ba. Ai ku kuka karantar da mu addu'ar Manzon Allah (SAW) ta neman albarka ga al'ummarsa cikin sammakonta. Kuka ce sahabin da ya ruwaito ta, Sakhrul Gamidi, ɗan kasuwa ne mai tura hajarsa da sassafe, har ya yi dukiya. Ni a kan sammako nake magana.

Malam Na Bakin Kasuwa: Hadisin na nan cikin Abu Dawuda da Tirmizi, ban musa ba. To amma wanda ya yi sammakon shi ne ya fi cancantar ƙailula. Kai ka ɗauki ɗaya ka zagi ɗaya.

Mai Albasa Galmi: Ku ƙyale shi Malam, shina cikin inuwa da hwanka bisa kai. Mu da munka shiga garka tun duhu bai waye ba muna ban ruwa, shi zaka Galmi watan Afrilu shi tsaya cikin rana ƙarhe 2 mu gani. Zahi ya wuce 40. Ko jaki inuwa yake nema wannan lokaci. In ban yi kwana kaɗan ƙarƙashin ɗan rumfa ba, wa za shi ɗauki buhu da marece?

Telan Bilbis: Wace fanka? Wuta ta tafi tun hantsi, da keken ƙafa nake aiki.

Alhaji Ɗan Jidda: Na goyi bayan Mai Albasa. Na yi aikin gini a Saudiyya. Can doka ce, daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba ba a sa ma'aikaci aiki cikin rana daga ƙarfe 12 zuwa 3. Kamfanin da ya saɓa tara ake cin sa. Ƙasa guda ta zama ta ragwaye ke nan?

Ɗan Fada: Ni ba barcin ne ya dame ni ba, fadar da ya sa a baki ce. Kullum mu ne abin zagi. Yaya, nawa kake ba yaran nan in sun wuni? Dala arba'in? Ka faɗa wa jama'a. Yaro ya wuni yana guga da sa maɓalli, ko kuɗin kabu-kabu bai samu ba, sannan ka ce ya zo 7 yana murna. A fada muke jin labarin aiki, a fada muke haɗa kuɗi in ɗayanmu ya kwanta ciwo, kuma saboda muna zaune bakin titi da dare ɓarayi ba sa shiga layinmu. Mai shago na barci, mu ne masu gadin ƙofarsa kyauta.

Telan Bilbis: Koyo suke yi, ba albashi na ɗauke su ba. Ni da na koya ko dala ba a ba ni.

Ɗan Fada: To shi ya sa.

Ɗan Abija: Ƙanena bar kare zaman banza. Mu da muka bar Adar muka zo Abija, wa ya taɓa ganin mu muna dafa shayi sau uku a jere har 2 na dare? A Ajame, unguwar kasuwa ta Abija, ƙarfe 5 mutum na kan ƙafa da kaya a kai. Kuɗin da muke turowa gida su ake saya wa wasu sukari da gawayi. Tela ya yi gaskiya, ragwaye ne.

Ɗan Fada: Ka turo wa wa? Ni ban taɓa cin ko dala taka ba. Ku kuka tafi kuka bar mana tsofaffi da gonaki, in damina ta faɗi wa ke riƙe hauya? In an kai mahaifiyar mutum likita cikin dare, ƴan fadar nan ne ke ɗaukar ta bisa moto, mai turo kuɗi na can yana kiran waya.

Ɗan Abija: Kada ka sa uwata cikin maganarka.

Ɗan Fada: Ban ce taka ba.

Mai Albasa Galmi: Ku bari don Allah, duk ɗiyan Adar ne.

Uwar Biyu: Ina ta karantawa ina jinjina kai. Maza na gardamar wa ya fi sammako. Tela, kokon da ka sha kafin ka buɗe shago ƙarfe 7, wa ya dama shi? Ni kafin kiran sallar farko na hura wuta, na tara ruwa tun famfo bai ɗauke ba, na yi wa yara wanka, na shirya su lakwal, na ɗora sanwar rana, sannan in zauna ƙullin fura da nake sayarwa. In na sa haƙarƙarina ƙasa bayan azahar, ƙaramin na bisa cikina yana ja mini ɗankwali, minti nawa ne ma? Ran da aka kira wannan ragwanci a gidana, ranar kowa zai dafa wa kansa.

Telan Bilbis: Hajiya ba da mata nake ba, Allah ya saka muku.

Uwar Biyu: Kullum haka kuke cewa bayan kun gama faɗa.

Ma'aikaciyar Jinya: Ku ba ni dama in sa baki, don ina ganin an bar jaki ana dukan taiki. Babban mutum na bukatar barcin awa 7 ko fiye a dare, matashi ɗan shekara 13 zuwa 18 kuwa awa 8 zuwa 10. Yaron da ya kwanta 2 ya tashi asuba bai samu ko rabin nasa ba, dole jikinsa ya biya bashin da rana. Ganyen shayin da ake dafawa a fada yana da sinadarin kafeyin, kuma bayan kamar awa 5 rabin abin da mutum ya sha na nan cikin jininsa. Wanda ya sha na farko mai ɗaci ƙarfe 10 na dare, ko ya kwanta idonsa ba zai rufe da wuri ba, in ya rufe ma barcin ba ya nauyi. Ga hasken salula a fuska har cikin gidan sauro. Shi kuma hutun rana, jiki da kansa yana yin sanyi bayan azahar ko mutum ya ƙoshi da barci, minti 20 zuwa 30 sun isa a tashi garau. In ya zarce awa guda mutum kan tashi da nauyin kai, kuma ya ci daren da ke tafe. Shawarata ga maigida: ka ba su rabin awa bayan sallah da izininka, kai ma ka yi, amma ka zauna da su kan maganar shayin dare. A dawo da shi bayan la'asar ko magariba. A wannan zafi kuma a ajiye tulun ruwa cikin shago.

Mushen Lakwal: Kun ji ko? Likita ma ta ce ba rago ba ne.

Ɗan Abija: Ta ce shayi ne matsala, karanta da kyau Mushe.

Mushen Lakwal: Ni za ka koya wa karatu?

Maman Zainabu: Tunda yau ana maganar kaye da jan layi, Tela ina leshina? Tun kafin azumi na kawo, ka ce sati biyu. Na yi sallah da tsohon kaya, ƙanwata ta yi suna na je da na aro. Ko sunana bai shiga kayen ba ne?

Telan Bilbis: Maman Zainabu wannan ba wurinsa ba ne, ki same ni a shago.

Maman Zainabu: Na zo shagon, yaranka suka ce ka fita. Nan ne na same ka.

Telan Bilbis: Aikin wuyan ne ya tsaya, keken surfani sai da wuta, kin kuwa san halin da ake ciki.

Ɗan Fada: Ashe mai sammako ma na saɓa alkawari.

Telan Bilbis: Kai yaro, ka kiyaye ni. Na girmi yayanka.

Malam Na Bakin Kasuwa: Subhanallah. A ji tsoron Allah, a bar tone-tone.

Shugaban Zaure: Jama'a ya isa haka, bari in tattara. Na bi maganar tun farko, kuma abin da ya fito fili shi ne kusan kowa ya yarda ƙailula sunna ce kuma lafiya ce. Malam ya kawo aya da hadisi, Alhaji ya kawo dokar Saudiyya, ƴar'uwarmu ta likita ta tabbatar. Ni kaina shekara da shekaru ina rufe biro in kishingiɗa bayan azahar, ban taɓa barin takardar kowa ta kwana bisa teburina ba. Don haka kalmar rago ba ta da wurin zama, muna roƙon Tela ya janye ta ya ba Mushe haƙuri. Fada kuwa al'adarmu ce, mu ma can muka tashi, kada wanda ke wata ƙasa ya zo yana ɓata mana yara. Maganar leshi a ƙarasa ta a waje.

Ma'aikaciyar Jinya: Shugaba da girmanka, rabin maganata ka ɗauka. Na ce minti 20 zuwa 30, kuma na ce shayin tsakar dare ne ke hana yaran barci. Wannan ka tsallake shi.

Ɗan Abija: Zai tsallake mana, Ɗan Fada ɗan ƙanwarsa ne, kowa ya sani.

Shugaban Zaure: Zumunci bai shiga nan ba. Wanda ya sake zagi zan fitar da shi.

Uwar Biyu: Mu kuma ko ambatonmu ba a yi ba cikin tattarawar.

Maman Zainabu: Tela, Alhamis zan aiko Zainabu bayan la'asar. In bai ƙare ba a ba ta leshin yadda yake, da sauran zaren da na saya.