Neman shawara: an yi mini tayin ƙaramin jirgin ruwa mai gudu, in saya?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Watan jiya na je Legas, wani abokin kasuwancina ya ɗauke ni a jirginsa daga Ikoyi zuwa Tarkwa Bay. Da ya danna totur hancin jirgin ya ɗaga sama, can ya kwanta muka riƙa tafiya kamar ba ma taɓa ruwa. Hulata ma can na baro ta. Tun ranar abin ya shiga raina. Yanzu an yi mini tayin wani tokumbo, jikin faiba, ƙafa 18, da injin Yamaha mai ƙarfin doki 200, irin wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai. Har da tirelarsa. Ni a Abuja nake zaune, ina tunanin in riƙa sa shi a tafkin Jabi, wani lokacin in ja shi zuwa Kainji. Ban taɓa tuƙa jirgi ba, iyo ma sama-sama na iya. Uwargida ta ce ba da yawunta ba. Waɗanda suka san harkar, me zan duba?

Amsa daga wani makanikin injin jirgi:

Wa alaikumus salam Alhaji. Kada kyan fenti ya ruɗe ka, kuɗinka a inji yake. Ka je da makanikinka, ba na mai sayarwa ba, ya cire fulogogi ya auna matsin kowace silinda. In ɗaya ta yi ƙasa sosai da sauran, ka kama hanyarka. Ya kwance ƙusar man giya da ke ƙasa kusa da farfela: in man ya fito fari-fari kamar an zuba masa madara, ruwa na shiga. Idan an tayar da injin ka duba ɗan siririn ruwan da yake tsartuwa ta baya, shi ke nuna famfon sanyaya inji na aiki. Sannan jirgin Legas ruwan gishiri ya sha, in ba a saba wanke injin da ruwan daɗi bayan kowace fita ba, ciki ya ciwu ko da waje na ƙyalli.

Abin da mutane ke mantawa shi ne bangon baya inda aka ɗaure injin. Da yawa katako ne a ciki aka lulluɓe da faiba. Ka ɗaga ƙafar injin, wato ɓangaren ƙasa mai farfela, ka danna ta da ƙarfi, in ka ga bangon na motsi ko yana tsagewa, katakon ya ruɓe. Kuma kada ka biya ko sisi sai an sa shi a ruwa an zaga da kai. Tayar da inji a cikin durom ba gwaji ba ne.

Wani memba:

Doki 200 in ka buɗe masa wuta yana shan kusan lita 70 a awa guda. Ka lissafa da farashin fetur na yau, ka ƙara baƙin mai. Ni nan na tsaya.

Wani da ya taso a Yauri:

Yallabai, ni maganar ruwan zan yi. Jabi ya yi wa wannan jirgi kaɗan, kafin ya gama miƙewa ka iso ƙarshe, ga masu ƙananan kwale-kwale da igiyar ruwanka za ta iya kifarwa. Kainji kuwa yana da faɗi, amma da aka gama madatsar a 1968 ruwa ya shanye garuruwa da gonaki da daji, har tsohon garin Bussa. Kututturan itatuwa na nan a ƙasa, in ruwa ya ja baya suna dab da sama ba ka ganinsu. Ga tarun masunta, ga kainuwa mai naɗe farfela. Ka ɗauki ɗan gari ya zauna kusa da kai, kuma kada magariba ta same ka a ruwa. Rajista kuma wajen NIWA za ka je, hukumar hanyoyin ruwa mai hedikwata a Lokoja.

Wata 'yar uwa:

Ni dai ina bayan uwargida. Ba mu manta da Patigi ta jihar Kwara ba a 2023, mutum sama da 100 suka rasu a hatsarin jirgi ɗaya. In ka nace, rigar ceto ga kowa, ta yara daidai jikinsu, kuma a jiki, ba a ƙarƙashin kujera ba.

Wani mai irin jirgin:

Shekarata uku da nawa, daɗinsa gaskiya ne, ba zan ɓoye ba. Amma jirgi ba shi da birki, kuma in ka saki totur gaba ɗaya sitiyari ya rage jin magana. Makona na biyu na juya da gudu, na tsinci kaina a gefe, gwiwata ta kumbura kwana goma. Igiyar nan ja da ake ɗaurawa a jiki, wadda ke kashe inji in direba ya faɗi, ita ta tsayar da jirgin. Ka yi hayar jirgi da direba sau biyar ko shida ya koya maka tukuna. Wataƙila ma ka ga doki 90 ya ishe ka.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na kira mai jirgin na ce sai an gwada a ruwa, ya ce wai batir ya mutu, in ba shi mako guda. Malam makaniki, ko kana zuwa Legas? Kuɗin mota a kaina.