Dan Allah wace kalma zan sa wa motivation? Gobe zan kai bugu

Malamar Unguwar Rimi:
Assalamu alaikum jama'a, ku agaza min. Ranar Asabar zan yi wa shugabannin ma'aikata bita a wani kamfanin ɗinki a Kakuri, su 23 ne, yawancinsu teloli ne da suka daɗe a kan keke aka ɗaga su suka zama masu kula da layi, Turancin bai zauna musu sosai ba shi ya sa manaja ya ce a yi komai da Hausa. Na gama fassarar amma kalmar motivation ta tsaya min a wuya kuma kusan kowane shafi tana nan. Inda ya fi ɗaure min kai shi ne bayanin da wani masani mai suna Herzberg ya yi a 1959, da ya ce albashi da yanayin wurin aiki da dokokin kamfani in suka lalace ma'aikaci zai yi ta ƙorafi, amma gyara su ba shi ke sa ya so aikin ba, abin da ke sa shi so shi ne a yaba masa, a damƙa masa amana, ya ga yana gaba. Wannan na biyun nake nema wa suna. Gobe kafin a tafi masallaci zan kai wa mai bugawa.

Ɗan Barnawa:
Wa'alaikumus salam Malama. Ƙarfafa gwiwa mana, shi muke ji kullum a rediyo.

Malamar Unguwar Rimi:
Shi na fara sawa wlh, amma ƙarfafa gwiwa wani ne yake maka. Ƙwarin gwiwa kuma ya fi karkata ga rashin tsoro, tela zai iya samun ƙwarin gwiwar yanka shadda mai tsada amma ransa ba ya kan aikin.

Ustazun Tudun Wada:
Kwaɗaitarwa fa? Malamai sun daɗe suna cewa kwaɗaitarwa da tsoratarwa a wa'azi, kowa ya san ta.

Antin Kawo:
Ustaz a wa'azi ta zauna daram, amma a gaban ma'aikata kana cewa kwaɗaitarwa kowa zai gyara zama ya ɗauka bonas za a raba. Ai shi ne ainihin abin da Malama take son ta raba da maganar.

Injiniyan Malali:
Ni fa na daɗe ina cewa mu daina rarrafe a bayan tsofaffin kalmomi mu ƙirƙiri tamu. ZABURAU. Daga zabura. Gajeriya ce, Bahaushiya ce tsantsa, ba bayani. Zaburau na ciki, zaburau na waje, shi ke nan an gama. Ni a wurin aikina har yarana sun fara faɗa.

Malamin Hausa Rigasa:
Injiniya ka yi ƙoƙari amma ƙirar ba ta ba ka ba. Wannan -au ɗin mutum yake siffantawa ko abin da ake wa kirari, duba mantau, makarau, gagarau. In ka ce zaburau kunnen Bahaushe zai ji wani mutum mai yawan zabura ne, kamar wanda aka tasa daga barci. Zaburarwa dai tana nan in zabura kake so, amma ita ma daga waje take zuwa. Malama ni himma nake gani, ko ƙwazo, ko karsashi.

Injiniyan Malali:
Himma ai Larabci ce Malam! Kullum haka muke, mu gudu daga Bature mu faɗa hannun Balarabe, to yaushe Hausa za ta tsaya da ƙafarta? Zaburau dai.

Malamin Hausa Rigasa:
To ka cire lokaci da littafi da alƙalami da sabulu daga bakinka mu gani. Kalmar da kakanninmu suka raɗa wa 'ya'yansu tarbiyya da ita, a ce yaro mai himma ne, ta wuce a kira ta baƙuwa.

Bakano a Sabon Tasha:
Ku yi haƙuri fa amma wannan aikin a bar wa Kano da Sakkwato. Mutanen da za su ce "matata ya zo" su ne za su ƙirƙiro mana kalma?

Antin Kawo:
Haba ɗan'uwa, wannan ba magana ba ce. Gidan rediyon tarayya na Kaduna tun 1962 yake magana da Arewa gaba ɗaya, kakanka a Kano da shi yake jin labarai. Gaskiya Ta Fi Kwabo kuma a Zariya aka fara ta a 1939, nan jiharmu. Wanda ka ji yana cewa matata ya zo Hausar ya koya a kan yarensa, ya cancanci a gode masa ne.

Bakano a Sabon Tasha:
Anti ban ce ba ku yi ƙoƙari ba, amma daidaitacciyar Hausa a kan Kananci aka gina ta, wannan kowa ya sani.

Malamar Unguwar Rimi:
Dan girman Allah ku bar Kano da Kaduna, ƙarfe goma ta wuce ban rufe kwamfuta ba.

Baban Kakuri:
'Yata bari tsoho ya sa baki, jikana ne yake rubuta min. Na yi shekaru a masaƙa nan Kakuri lokacin da in jiniya ta yi kuka titi ke cika da kekuna. A wajenmu abu biyu ne. In oda ta matso obasiya ya zo yana zagaye yana cewa a ƙara ƙaimi, kuma ƙaimi kin san shi, ƙarfen da mahayi ke soka wa doki a ciki, dokin zai yi gudu amma da an ɗaga ƙafa ya koma tafiyarsa. Akwai kuma wani abokin aikina da in zare ya tsinke a injinsa ba ya jiran kowa, kafin ka juyo ya ɗaura, in an tashi sai ya goge injin da tsumma kafin ya miƙa wa na dare, ba wanda ya sa shi kuma ba a ƙara masa ko kwabo. Shi muke cewa mai himma. Teloli za su gane wannan tun kafin ki gama faɗa.

Malamar Unguwar Rimi:
Allah ya ƙara girma Baba, ka warware min. Zan sa himma a inda ake nufin abin da ke fitowa daga zuciyar ma'aikaci, ƙarfafa gwiwa a inda shugaba ne yake yi, ƙaimi kuma zan ajiye shi wa matsin lamba in oda ta matso. In ka yarda zan ba su labarin abokin naka ba tare da suna ba.

Injiniyan Malali:
Kalma uku a madadin ɗaya, shi ne dai matsalar da nake faɗa. Na bar ku da himmarku tunda gobe za a buga, amma ni a wurina zaburau zan ci gaba da cewa.

Malamar Unguwar Rimi:
Na gode Injiniya. Saura kalmar team, na sa tawaga amma tana min kama da masu zuwa gaisuwar sarki.

Ɗan Barnawa:
'Yan gayya?

Malamin Hausa Rigasa:
Gayya ta yini ɗaya ce a gona a ci tuwo a watse, waɗannan kullum suna tare. Ki bar shi abokan aiki a wannan bugun, in kin dawo daga bitar kya faɗa mana abin da su teloli suke kiran kansu.