Ɗaura sabuwar salansa a Scion FR-S da hannuna: me zan tanada, me zan kiyaye?

Abban Hanifa:

Assalamu alaikum jama'a. Motata Scion FR-S ce ta 2014, wato Toyota 86 a sunan Amurka, injin FA20 mai lita 2, giyar hannu, ba a taɓa komai a injin ba. Ina shirin sayen salansa irin wadda ake kira kat-bak, wato sashen da ya fara daga bayan katalis zuwa ƙarshe, mai faɗin inci 2.5, kuma ina so in ɗaura ta da kaina a gida. Wane kayan aiki zan tanada? Ta ina ake farawa? Wutar cek injin za ta kama? Sannan ƙarfin doki nawa zan sa ran samu? Wani ya ce in haɗa da cire katalis, wato abin tace gubar hayaki, gaba ɗaya tunda zan shiga ƙarƙashin motar. Allah ya saka da alheri.

Usta Na-Gareji:

Wa alaikumus salam Abban Hanifa. Bari in fara da abin da ba za ka so ji ba: kat-bak a wannan mota sauti take sayarwa, ba ƙarfi ba. Injin yana ba da kusan doki 200, abin da za ta ƙara ɗan kaɗan ne, da wuya ƙafarka ta ji shi. In ka yarda da haka, aikin mai sauƙi ne, babu yanka babu walda.

Salansar motar daga gaba zuwa baya haka take: heda (bututun da ke kwaso hayaki daga injin) mai katalis na farko, gajeren bututun da ke biye da ita, bututun gaba mai katalis na biyu, bututun tsakiya mai rezoneta (ƙaramar tukunyar rage gunji), sai tukunyar baya mai baki biyu. Biyun ƙarshe kaɗai za ka canza. Sensocin iskar oksijin duka biyu suna can jikin heda, ba za ka kusance su ba, don haka wutar cek injin ba ta da dalilin kamawa.

Kayan aiki: soket da sifana lamba 12 da 14, sifana mai awon ƙarfin ɗauri, man kwance tsatsa irin su WD-40, ruwan sabulu, man jan ƙarfe na shafa wa zaren noti, tabarau saboda tsatsar da za ta zubo maka a ido, jak, da ƙafafun tokare mota aƙalla biyu. Kada ka shiga ƙarƙashi jak kaɗai ke riƙe da ita, kada kuma ka tokare da bulo, fashewa yake yi ba sallama. Motar ta haura kilo 1,200. Akwai abin da mutane ke mantawa: birkin hannu tayoyin baya yake kamawa, giya ma haka tunda da baya motar take ja. Da ka ɗaga baya, babu abin da ke riƙe da gaba sai katakon da ka sa a gaba da bayan tayoyin. In akwai mai ramin gyara kusa da kai, biyan kuɗin rami ya fi duk wannan.

Ka fesa man kwance tsatsa a notocin tun daren jiya, ka sake da safe. Motar ta huce sarai kafin ka taɓa. Ka fara da notoci biyu da suka haɗa bututun tsakiya da tukunya. Sai robobin rataya: huɗu a tukunya, ɗaya a bututun tsakiya. Ka jiƙa su da ruwan sabulu su zame. Kada ka sa musu baƙin mai ko giris, yana cin roba, daga baya za ka ga sun saki. Ka samu mutum ɗaya ya tallafe tukunyar lokacin cire robar ƙarshe, tana da nauyi, kuma bakinta yana karce bamba in ta faɗo a karkace. Daga nan ka kwance notoci biyu masu sifirin na gaban bututun tsakiya, ka sauke shi.

Wajen ɗaurawa, doka ɗaya ce: kada ka ɗaure noti ko ɗaya sai an rataye komai. Ka sa duka da hannu, su yi sako-sako. Wani ya tsaya a baya ya daidaita bakunan biyu a tsakiyar ramukan bamba, kai kuma ka bi ɗauri daga gaba zuwa baya, kowane haɗi kana juya noti na hagu kaɗan, na dama kaɗan. Wanda ya ɗaure gaba tamau tun farko shi ne yake ƙarewa da baki ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, ya ce kamfani ne ya yi ta a karkace.

Injiniya Bichi:

Usta ya gama magana, amma zan tsaya a kan haɗin nan mai sifirin, don nan ne yawancin aikin gida yake lalacewa.

Gaskit ɗin wurin, wato abin da ke toshe haɗin don kada hayaki ya fita, ba shimfiɗaɗɗe ba ne, zobe ne mai kauri da gefensa ya yi ƙwallo. Bakin bututun tsakiya yana zama a kansa, sifirin biyu suna danne shi, ta yadda in injin ya girgiza haɗin zai ɗan motsa ba tare da hayaki ya fita ba. Notocin suna da kafaɗa, kana ɗaurawa har kafaɗar ta zauna, shi ke nan, Nm 18 a ma'aunin sifana mai awon ƙarfin ɗauri. Sifirin ne yake riƙo, ba ƙarfin damtsenka ba. Masu jefar da sifirin su sa noti na kasuwa su ɗaure iya ƙarfi sun mai da haɗin sandararre, girgizar kuma sai ta koma kan walda, wata rana ta tsage kusa da rezoneta. Haɗin baya na asali, mai shimfiɗaɗɗen gaskit, shi ne yake ɗaukar Nm 48. In takardar sabuwar salansar ta faɗi wani adadi, nata za ka bi.

Kafin ka biya kuɗi, ka nemi hoton bakin gaba na salansar. Wasu kamfanonin suna yin sa buɗaɗɗe don ya hau zoben asali, wasu suna yin sa shimfiɗe da nasu gaskit. In ka haɗa shimfiɗaɗɗen baki da zobe, zai yi yoyo ko me ka yi. Zoben kuma ka sayi sabo. Tsohon ya riga ya ɗauki siffar tsohon bututu, kuma sau da yawa marmashewa yake yi wajen cirewa. Ka kankare wurin zamansa da burushin waya tukuna.

Tunda motar daga Amurka ta zo, in jihar da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara ce, ka ɗauka notocin sun mutu. Ka tanadi sababbi da sifirinsu kafin ka fara. In noti ya ƙi, ka ɗan ɗaure shi kaɗan sannan ka kwance, kana kai da komo. Soket mai kusurwa shida za ka sa, mai goma sha biyu yana cinye kan noti mai tsatsa.

Sai tazara. Ƙarfen salansa marar tsatsa samfurin 304 yana miƙewa da zafi fiye da ƙarfen gama-gari: bututu mai tsawon mita biyu zai iya ƙaruwa da kusan santimita ɗaya in ya yi zafi sosai. Ka bar aƙalla kaurin yatsa tsakanin bakin salansa da robar bamba, haka tsakanin bututu da ƙarafan ƙasan mota. In babu, ko dai bamba ya narke, ko ka riƙa jin ƙwanƙwasa da mota ta ɗauki zafi. Ka tafi da maganaɗisu wajen saye: yana kama ɗayan ƙarfen salansa, samfurin 409, da ƙarfi, 304 kuwa da ƙyar. 409 ba laifi ba ne, yana yin ja-ja a sama kawai, amma kada a sayar maka da shi a kuɗin 304.

Ɗan Sabon Gari:

Ni dai a ganina a cire indomin nan duka, wato katalis, motar ta samu numfashi. Kuma inci 3 ya fi 2.5, me ya sa za a tsaya rabin hanya?

Injiniya Bichi:

Ɗan'uwa, ban goyi bayan wannan ba. Inci 3 na injin da aka sa wa tabo ne, wato na'urar da ke tura masa ƙarin iska. A lita 2 da ke shan iska da kansa, faɗin ya yi yawa, ƙara kawai za ka samu. Katalis na heda kuwa sensa tana lura da shi, in ka fasa shi lambar P0420 za ta fito, wuta ta kama, ga warin ɗanyen mai a go-sulo, ga gubar da kake hura wa na bayanka. Lallai akwai raguwar ƙarfi da wannan injin ya yi suna da ita wajen juyi 4,000 a minti, amma maganinta heda mai kyau ce tare da sake saita kwamfutar injin, kuma akwai masu ɗauke da katalis. Wannan wani aikin ne daban, da kuɗinsa daban.

Abban Hanifa:

Na gode ƙwarai Usta, na gode Injiniya. Katalis zai zauna a wurinsa. Saura ɗaya: ta yaya zan gane babu yoyo bayan na gama? Kuma in ɗauki mai rezoneta ko marar ita?

Usta Na-Gareji:

Mai rezoneta, in dai kana hawa doguwar hanya. Marar ita tana da daɗi minti goma na farko, amma a giya ta shida tsakanin juyi 2,500 da 3,000 za ta riƙa yi maka gunji a cikin mota, daidai gudun da ake yi daga Kano zuwa Zariya. Maƙwabta ma suna da haƙƙi da asuba.

Kafin ka tayar, ka goge bakunan da tsumma da sifirit, don zanen yatsa yana ƙonewa ya zauna a jikin ƙarfen. Ka tayar a fili, ba cikin rufaffen gareji ba, hayakin yana kisa ba tare da an ji warinsa ba. Tana sanyi ka fesa ruwan sabulu a kowane haɗi, wani ya ɗan toshe bakunan da tsumma na daƙiƙa biyu ko uku. Kumfa ko sautin tsit-tsit na nufin yoyo: ka kashe, ka sassauta haɗin, ka daidaita, ka sake ɗaurewa. Ɗan hayaki da ƙauri a ranar farko man masana'anta ne yake ƙonewa. Bayan ta yi zafi ta huce sau uku ko huɗu, ka koma ƙarƙashi ka sake bin notocin, don sabon gaskit yana lotsawa. In ka ga baƙin toka a gefen wani haɗi, nan ne yake fitarwa. Ka duba robobin kuma, in bakin ya fara sauka gefe ɗaya, robar wannan gefen ce ta gaji, ka canza su biyu tare.