Na shiga dillancin gidaje amma shiru kake ji, ta ina ake samo kwastoma?

Sabon_Hannu:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu harkar dillancin gidaje da filaye ina neman shawara. Ban daɗe da shigowa harkar ba, na buga kati, na buɗe shafi a Facebook da Instagram, kullum ina ɗora hotunan gidaje a sitatus ɗina na WhatsApp amma wallahi shiru kamar an aiki bawa garinsu. Masu tambaya kam ana samu, mutum zai turo "nawa ne", kana faɗa masa sai yace zai neme ka, shikenan an rabu. Kuma gaskiya gidajen da nake ɗorawa ba a hannuna suke ba, wasu dillalai ne suke turo min a guruf nima in tura gaba. Toh masu saye zan fara nema ko masu sayarwa? Sannan biyan kuɗin talla a Facebook yana da amfani ko asara ce kawai?

Dattijon_Dillali:
Wa alaikumus salam. Yaro ai ka faɗi ciwonka da bakinka, gidajen ba a hannunka suke ba. Hoton da aka turo maka a guruf kafin ya iso wayarka ya bi ta hannun mutum huɗu ko biyar, kowa ya ɗora nasa a kan farashin, wani lokacin ma an sayar da gidan tun tuni hoton ne kawai yake yawo. Ko Allah ya kawo maka mai saye na gaskiya me zaka yi masa? Zaka kira wanda ya turo maka, shi ya kira wani, wancan wayarsa a kashe, kai kuma ga mutum tsaye a rana yana jiran makulli. Wannan ba zai sake ɗaga wayarka ba. In ma cinikin ya faɗa, la'adar da ya kamata mutum biyu su raba sai a yanka ta gida shida, abin da zai zo hannunka ko kuɗin man da ka ƙona ba zai mayar ba.

Saboda haka kaya zaka fara nema, kuma daga hannun mai shi kai tsaye. Gida ɗaya da ka zauna da mai shi, ka ga takardu, ka san ƙarshen abin da zai sallama, ya fi maka hotuna ɗari na guruf. Wanda yake da kaya shi ake nema, har manyan dillalan da suke share ka yanzu su zasu riƙa kiranka.

Yadda ake samu kuwa, ka zaɓi yanki ɗaya ƙarami, kar kace duk garin naka ne. Ka shiga shi da ƙafa layi layi har ka san inda ruwa yake kwanciya in an yi sama, inda wuta take zama, gidan da aka daɗe ba a kunna fitila ba, kangon da aka tsaya da gininsa. Ka saba da magina, masu fenti, masu aikin famfo da masu jan waya, su ne suke fara sanin gidan da aka kusa gamawa da wanda mai shi kuɗi ya yanke masa yana son saki. Masu gadi ma haka, sun san wanda zai tashi tun kafin ya ɗaure kayansa. Kuma in wani ya baka labari ciniki ya faɗa, ka koma ka bashi ihsaninsa ko bai tambaya ba, gobe da gudu zai kawo maka wani.

Sannan ka fara da haya. Kuɗinta kaɗan ne amma tana juyawa da sauri, sayarwa kuwa sai ka yi watanni kana bin gida ɗaya. Ɗan hayan da ka samar wa ɗaki yau shi ne mai neman fili nan da wasu shekaru, mai gidan da ka kawo wa ɗan haya na kirki kuma ranar da zai sayar kai zai fara tunawa. In da hali ka raɓi wani babba a harkar ka riƙa binsa kana ganin yadda ake rufe ciniki.

Maman_Hanan:
Baba ya gama magana a kan kaya, ni bari in taɓo waɗannan masu "nawa ne" ɗin, don ƙanena kai kake sakinsu ba su suke gudu ba. Mutum ya tambayi farashi ka bashi lamba tsura, toh me ya rage ku tattauna? Ka faɗa masa farashin, kar ka ɓoye don ɓoyewar tana korar mutane, amma ka haɗa da tambaya, zama zai yi ko haya zai zuba, ɗaki nawa yake so, wane yanki, zuwa yaushe yake son shiga, kuɗin a hannu suke ko sai ya sayar da wani abu. Daga amsar zaka gane mai saye da ɗan kallo, kuma ko wannan gidan bai masa ba yanzu ka san me yake nema.

Duk wanda ya taɓa maka magana ka rubuta shi, suna, lamba, abin da yake so, ranar da kuka yi magana. Littafi ma ya isa, ni dai WhatsApp Business nake amfani da shi saboda ana iya yiwa kowa alama, masu haya daban masu saye daban masu gida daban, ga wurin jera kaya da hoto da bayani. Gida ba abu ne da ake saye ranar da aka gani ba, wani sai bayan wata shida zai shirya, kuma a lokacin wanda ya ci gaba da tuntuɓarsa shi zai kira. Ba wai ka dame shi kullum da "ya ake ciki" ba, a'a, sai ka samu abin da ya dace da shi ka tura masa kace Alhaji ga irin wanda ka ce.

Wani abu da mutane basu lura ba, sitatus awa 24 yake yi ya ɓace, kuma wanda bai ajiye lambarka ba ba zai gani ba. Haka saƙon bai ɗaya da ake turawa mutane da yawa, mutum 256 yake ɗauka a jeri ɗaya amma sai wanda ya ajiye lambarka zai shigar masa. Kenan kana can kana ɗorawa, masu kallon 'yan uwanka ne da abokan makaranta. Su ɗin ma kar ka raina su, ka kira su ɗaya bayan ɗaya ka faɗa musu da baki ga sana'ar da kake yi yanzu, da yawa kwastoman farko daga nan yake fitowa, ko surukin wani ko abokin aikinsa da aka yiwa canjin wurin aiki.

Kuma dan Allah bidiyo, ba hoto ba. Ka je da hantsi, ka fara tun daga titi mutum ya ga hanyar, ka shiga a hankali, ka buɗe famfo a ga ruwa yana zuba, ka nuna kicin da banɗaki da silin. In akwai inda yake yoyo ka nuna, don in ka ɓoye ranar zuwa gani matar gidan da kanta zata ɗaga kai ta gano tabon, daga nan duk abin da ka faɗa ƙarya ne a wurinsu.

Abu_Safwan:
Ni ɓangaren doka zan ja maka kunne. Kafin komai ka bincika ko inda kake ana buƙatar lasisi ko rajista, don kowace ƙasa da nata tsarin. A Amurka misali kowace jiha ita take bada lasisi bayan kwas da jarrabawa, kuma sabon ejan dole a ƙarƙashin babban dillali mai lasisi zai yi aiki, tun watan Agusta na 2024 ma yawancinsu sai sun sa hannu a yarjejeniya da mai saye kafin su zagaya da shi gida. A Ingila babu wannan lasisin amma dole ka shiga tsarin da kwastoma zai iya kai ƙorafinka.

Ko ba a tilasta maka ba ka riƙa rubutawa. Takarda ɗaya tsakaninka da mai gida, wane gida ne, nawa yake nema, nawa ne la'adarka, wa zai biya, yaushe, kuma yarjejeniyar zuwa wane lokaci. Rigimar da ta fi yawa a harkar nan ita ce ka haɗa mutum biyu su zagaye ka su ƙarasa a bayanka. Sannan ka tabbatar mai baka gidan shi ne mai shi ko yana da wakilci a rubuce, gidan gado kuwa sai duk magada sun yarda. Mai saye ya kai takardu wurin lauya a duba a ofishin filaye. Kuɗin ciniki kuma kar ya kwana a asusunka, ko kafin alƙalami ne ya tafi wurin mai gidan da rasit.

Khalifa_04:
Ni fa ban yarda da maganar raɓar babba ba Baba, afuwan. Wasu kai zaka yi ta yawo a rana, ranar rabon la'ada a miƙo maka na shan ruwa. Maganar talla kuma tana aiki in gidan a hannunka yake kuma ka saita ta ga mutanen yankin kawai, ka sa maɓallin da zai kawo su WhatsApp kai tsaye. Amma tallata hoton guruf kam ƙona kuɗi ne. Ka sa kanka a Google Maps ma, kyauta ne.

Sabon_Hannu:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, Hajiya yau ɗin nan zan koma kan tsofaffin saƙonni in fara rubuta su. Baba tambaya ɗaya, in na je wurin mai gida yace yana da dillalinsa fa, ko ya kalle ni yace gida nawa na taɓa sayarwa?

Dattijon_Dillali:
Khalifa ai shi ya sa ake yanke kason tun kafin a fita, ba bayan kuɗi sun shigo ba, wanda ya ƙi yankewa ka bar shi ka nemi wani.

Kai kuma Sabon_Hannu kar ka yi wa mai gidan ƙarya, kace Alhaji sabo ne ni, shi ya sa nake da lokacin gidanka. Ka je da abu a hannu, ka faɗa masa gidaje irin nasa da ke kasuwa a layukan nan da abin da ake nema a kansu da wanda ya daɗe bai tafi ba, mai gida yana son jin wannan ko ba zai baka ba. In yace yana da dillali kar ka kushe mutumin, ka tambaya ko ya ɗaure kansa da shi ne shi kaɗai. In eh, karɓi lambar dillalin ku yi aiki tare a raba. In a'a, ka roƙi izinin ɗaukar bidiyo da sati biyu ka gwada, ko ka samu mai saye ko baka samu ba ka kira shi ranar da ka ce ka faɗa masa mutum nawa suka gani da abin da suka taya.