Ruwan sukari a idon Walida: yadda aka kwashe a zauren unguwa

Maman Walida: Salamu alaikum. Ku bar ni in amayar da abin da ke cina. Walida ta tashi da Afolo ranar Talata, ido ja wur, kwantsa ta liƙe gashin idon. Kafin in dawo daga kasuwa uwar mijina ta jiƙa sukari ta ɗiga mata. Yau kwana uku, ko labule aka ɗaga sai ta rufe fuska tana kuka. Wai yaushe za mu bar wannan ƙauyancin?

Ɗan Rimi: Allah ya ba ta lafiya. Amma Hajiya ki janye ƙauyanci. Geron da kike dama mata kunu a GRA aka noma shi?

Anti Nas: Maman Walida, gudun hasken nan ne ya tsaya min a rai. Afolo bairos ne, ido ya yi ja yana hawaye kamar an watsa yashi, cikin sati ɗaya zuwa biyu ya wuce da kansa. In kwantsa ta yi kauri ta koma ruwan ɗorawa, yawanci bakteriya ce, nan ne ake ba da maganin kashe ta, chloramphenicol. Amma in haske ya fara damun yaro ko gani ya dushe, baƙin idon ake ji wa tsoro. Ki kai ta sashen ido yau.

Kawu Sale: Tsohuwar da ta raini mijin da kike aure ita ce baƙauyiya? 'Yata, ki ji tsoron Allah.

Maman Walida: Kawu, aikin na ce ƙauyanci, ban ce ita ba.

Baban Hanif: Ni a tsakiyar birnin nan na ga ana ɗiga wa yaro fitsari. Ƙofar Marusa ƙauye ce?

Anti Nas: Subhanallah. In mai fitsarin na da ciwon sanyi, ƙwayar na iya huda ido cikin 'yan kwanaki.

Badaurin Asali: Ku Katsinawa da raina mutane. In tushe ake bi, ku ma a wurinmu ƙauye ne. Ku zo Kusugu mu ba ku tarihi.

Baban Hanif: Rijiya ɗaya tal kuke ta tutiya da ita. Ka taɓa hawa Gobarau?

Ɗan Rimi: Shi kansa Afolon ai 'yan birni suka jawo shi. Turawa suka kwaso daga duniyar wata.

Malamin Firamare: Ba haka ba ne. A Ghana annobar ta ɓarke a 1969, daidai lokacin da kumbon Amurka Apollo 11 ya sauka a wata, shi ne sunan ya bi ta.

Kawu Sale: Malam, kai ka ga sun sauka da idonka?

Uwar Biyu: Ku dai ku yi ta yi. Maman Walida ki je kemis, akwai wani ɗan ɗigo, dare ɗaya ido ya yi fari tas. Shi nake sa wa Hassan duk hunturu in ƙura ta sa shi susa.

Anti Nas: Duba kwalbar, in kin ga dexamethasone ko betamethasone ki daina sai likitan ido ya gan shi. Yana ɓoye jan ne, a hankali ya jawo hawan jinin ido ko yanar ido. Na Hassan kamar borin jini ne, ba ya yaɗuwa. Na Walida kuwa a ware mata tawul da matashi, a yawaita wanke hannu, kada a yi tarayyar maɗigi ko sandar kwalli. Wani kwallin ma akwai gubar dalma a ciki.

Alhaji Admin: A'a, kada a sa kwalli cikin wannan magana.

Baban Hanif: Alhaji an taɓo shago ke nan!

Ɗan Rimi: Har yanzu dai ba a janye ba.

Alhaji Admin: To jama'a, ya isa. Abin da na fahimta, mafi rinjaye sun yarda kalmar ƙauyanci ba ta dace ba, Maman Walida ta je ta ba surukarta haƙuri. Iyayenmu da nasu maganin suka raine mu, ga mu da idanunmu garau. Anti Nas ta ce a wanke hannu, mun gode. Batun kwalli kuwa babu wanda ya kawo hujja, mai neman na asali ya same ni ta gefe. Na rufe zauren sai bayan Isha.